Idon Stoffel

Skaarswater, 11 ga Mayu

Boetie Stoffel, ƙanena,

Gaisuwa daga babbar yayarka Letta, wadda ka tuna da ita a layin ƙarshe na takardarka, bayan ka gama tambayar lafiyar kare. Ina fata teku ba ta juya maka hanji ba. Mu nan lafiya lau. Tarin Baba ya yi sauƙi, gwiwa ce ke riƙe shi da safe, idon kuwa sai a hankali. Sanyi ya shigo, tumaki sun fara haihuwa, dila ta fara zuwa karɓar rabonta: 'yan raguna bakwai cikin mako biyu.

Saƙonka ya iso ranar Juma'a a motar maƙwabcinmu Oom Gawie. Baba bai bari na sa wuƙa a kwalin ba, da farce ya ɓare shi. Da magariba ya zauna a baranda ya kara madubin nan naka na ganin dare a ido, yana ta juya shi har na ɗauka abin bai kama ba. Can sai ya ce, "Letta, ga su can. Farare fat, kamar an kunna musu fitila a ciki." Tumakinsa yake nufi. Shekara uku rabon da ya ga abin da ke bayan shingen gida ko da rana, ga shi cikin duhu yana nuna mini wadda ta kwanta da wadda ke ba da nono. Na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Ka yi abin kirki.

To, daga nan aiki ya dawo kaina. Baba ya ce a ɗora shi a kan bindigar Kaka. Ka san bindigar nan ni nake share ta tun ina da shekara goma sha biyu, ka kuma san abin da Baba yake faɗa tun muna yara, cewa wanda ya riƙe garke shi zai gaje ta. Da hannuna na kwance tsohon madubinta na naɗe a tsumma, na ɗaura naka.

Saitin ne ya kusa kashe ni. Na kafa takarda a taku ɗari kamar kullum, na leƙa, babu takarda babu alamarta. Ashe shi abin naka ɗumi kawai yake gani, mai ɗumi ya fito fari, mai sanyi ko jiƙaƙƙe ya fito baƙi, takarda kuwa ba ta da jini. Sai da na gasa murfin gwangwanin madara a garwashi, na ɗauka da filaya a guje na kafa a katako, na dawo a guje na harba kafin ya huce. Sau tara na yi wannan tsere, na ƙone yatsa biyu, kafin harsashi uku suka shiga wuri ɗaya. Ina dawowa ina haki na ji Baba yana ce wa Oom Gawie, "Yaron nan akwai ƙwaƙwalwa. Yana can tsakiyar ruwa amma ya san ciwon gonata."

Ni da na bar aikina a Mariental ranar da aka binne Mama, shekara goma sha ɗaya ke nan, ban san ciwon gona ba. Ni da nake fita da ƙaramar bindigata da jar fitila tun da idonsa ya mutu, in kawo masa dila ya feɗe da lalube yana haɗa bargonsa na fata, ban taɓa jin an ce ina da ƙwaƙwalwa ba. Yanzu har suna ya raɗa wa abin, wai Idon Stoffel. Kishi nake yi, in kana son ka sani, kuma ban ji kunyar faɗa ba.

Za mu fara fita da shi in wata ya ragu. Na sa maka kilishin barewa a motar kifi, kada ka raba wa dukan jirgi.

Yayarka,
Letta

Walvis Bay, 29 ga Mayu

Ousus Letta, babbar yaya,

Na sami takardarki da kilishi, na gode, kuma na ci ni kaɗai a bayan injin kamar ɓarawo. Ina lafiya, sai dai fatar hannu da gishiri ya tsattsaga. Ki gai da Baba, ki shafa masa man nan a gwiwa ko ya ƙi. Karen ma ki gai da shi, tun da kin ƙirga.

Na yi dariyar murfin gwangwani har aka leƙo ana tambaya ko lafiya. Da kin buɗe shafi na goma sha huɗu da kin ga an ce takardar alawa mai ƙyalli ma ta isa, in rana ta buge ta. Amma ke da karanta littafin na'ura sai dai a lahira.

Ga abubuwan da mai shagon da na sayi madubin ya ja mini kunne a kai. Kada a nuna shi ga rana ko ga wuta. Kada a goge gilashin da gefen riga, akwai ɗan ƙyallensa a cikin kwali. Sanyi yana shanye batir, saboda haka na biyun ya zauna a aljihun ƙirji. Ba ya gani ta gilashin mota, sai an fito. Da farkon dare duwatsu suna riƙe zafin rana, za su yi fari kamar dabba, kada Baba ya ɓata harsashi a kan dutse. Sannan bayan harbi kamar ashirin ki sake duba sukurorin da suka riƙe shi, ki kuma sake duba saitinki, domin bindigar Kaka tana da duka.

Maganar kishi kuwa, Ousus, ki bar ni in yi dariya. Ke kike shan kofi da shi kowace asuba. Ke kika san wace ƙafa yake fara saukewa daga gado. Ni in na zo Kirsimeti kamar baƙo ake yi da ni, a ba ni kujerar Fasto, a hana ni ɗaukar bokiti. Sau ɗaya a rayuwata na aiko abin da ya sa ya ambaci sunana, shi ne za ki tsaya a kai? Kin manta ranar da na kuskure barewa a taku hamsin, ya karɓe bindiga daga hannuna ya miƙa miki ba tare da ya dube ni ba? Ni ban manta ba, shekarata goma sha ɗaya a lokacin.

Jirginmu zai fita ranar Talata, mako tara ko goma, ya danganta da kifi. Ki rubuto duk da haka, za a ajiye mini a ofis. Ina son in ji labarin dilar farko da Baba zai kayar da idona.

Ƙanenki,
Stoffel

Skaarswater, 24 ga Yuni

Stoffel,

Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Ruwan kwatarniyar tumaki yana daskarewa kowace safiya, sai na fasa da guduma.

Ka san ni nake karanta wa Baba wasiƙu, ko ba ka sani ba? To, na karanta masa taka, ban da maganar barewa. A duk shafi biyun nan abu ɗaya kunnensa ya kama: ki sake duba saitinki. Sannu da ƙoƙari. Kana Walvis Bay ka gano laifina tun kafin a harba harsashi ɗaya.

Dare uku muka fita. Na ajiye a-kori-kura a gefen fadamar gishiri, na ɗora shi a baya a kan kujerarsa, na jera masa buhun yashi, na lulluɓe masa ƙafafu. Na busa usur ɗin nan mai kukan zomo. Daren farko dila ta zo har taku tamanin ta tsaya tana kallonmu. Na ji Baba yana ƙirgensa a hankali kamar yadda ya koya mana, ɗaya, biyu, a ta uku ya ja kunama. Ƙura ta tashi can nesa, dila ta juya ta tafi ko sauri ba ta yi. Dare na biyu haka. Dare na uku biyu suka zo tare, suka koma tare.

Ya ce saiti ne. Ya ce ai ɗansa ya faɗa. Washegari na sake gasa murfin gwangwani a gabansa, na sa harsashi uku a wurin da kwabo zai rufe, na kawo masa murfin ya shafa ramukan da yatsa. Ya daɗe yana shafawa. Ya miƙo mini, ya tashi ya shiga ɗaki.

Tun ranar bai sake tambayar tumaki ba. Abincinsa yana komawa kamar yadda na kai, ko gasasshen haƙarƙarin da yake so bai taɓa ba. Ranar Lahadi ya ce ba zai je coci ba, wai me zai ce wa mutane, bayan ya cika musu baki. Kafin abin nan naka ya zo ya riga ya haƙura, yana zamansa a rana yana jeme fatunsa. Kai ka tayar masa da abin da ya kwanta, kana can kana kamun kifi, ni aka bari da tsoho mai kallon bango.

'Yan raguna goma sha tara dila ta ci yanzu. Ban fita ni kaɗai ba, domin in na kawo dila a wannan halin kamar na mare shi ne.

Letta

Skaarswater, 20 ga Yuli

Boetie,

Shiru dai. Na san ka ce kana teku, amma Oom Gawie ya ce wani jirgin kamfaninku ya shigo tun makon jiya. In fushi kake yi da takardata, to ka ci gaba. Baba lafiyarsa ƙalau, har ya yi ƙiba. Ni kafaɗa ce ke ɗan ciwo, da rashin barci.

Ga labarin da ka ce kana so. Na lallashe shi muka sake fita ranar biyu ga wata, ni ina gefensa na hagu da ƙaramar bindigata ko ta biyu za ta ɓullo. Dila ta zo, ya ƙirga, ta faɗi. Da ka ga tsohon nan, Stoffel. Ya sauko daga mota ba tare da na riƙe shi ba, ya durƙusa yana shafa ta tun daga kunne har wutsiya, yana dariya yana tari. A daren ya feɗe ta. Ya cinye burodi huɗu na kan garwashi kafin ya kwanta.

Wutsiya shida ke rataye a wayar ƙofar gona yanzu, kuma mako guda ke nan ba mu rasa ɗan rago ba. Bayan sujada yana tsayawa a gindin bishiyar coci, maza sun kewaye shi, yana ba da labarin Idon Stoffel. Wai ɗansa ya dawo masa da shekara ashirin. Ni ina can wajen mata ina zuba shayi.

Jiya ya faɗi abin da na san yana zuwa. A gaban Oom Gawie da matarsa Tannie Sarie, ya ce madubi da bindiga an riga an saita su tare, raba su ɓarna ne, saboda haka bindigar Kaka ta mai madubi ce. Ya ce in na shiga Aranos in karɓo takardar canjin suna a wurin 'yan sanda, a cike kafin ka zo Kirsimeti. Yana faɗa yana fuskantar inda nake, kamar mai jiran in yi magana. Na ce to. Na kwashe kofuna na kai kicin, na fasa ɗaya, ba da gangan ba.

Ina taya ka murna. In ka karɓe ta, ka riƙa shafa mata mai sau ɗaya a wata, iskar teku tana cin ƙarfe. Akwai 'yar tsaga a ƙasan ƙotar, kada ka matse sukurun wurin da ƙarfi. Ba ka san da ita ba, shi ya sa na gaya maka.

Letta

Walvis Bay, 9 ga Agusta

Ousus,

Shekaranjiya muka shigo, ba wancan jirgin ba ne namu. Ina lafiya. Na tarar da takardunki biyu tare, da ta uku, ƙaramar ambulan da rubutun Tannie Sarie a bayanta. Babu wasiƙa a ciki, sai ɗan katin da ke cikin madubin, an naɗe shi a takardar sikari.

Na ce ki karanta littafin, kin ƙi. Shafi na ashirin da biyu. Duk lokacin da bindiga ta harba, madubin yana ajiye hoton abin da aka gani ta cikinsa, daga ɗan kafin harbin zuwa ɗan bayansa, har da sauti. Na zauna a ɗakina na kunna, ina murna zan ga Baba yana harbi.

Na ga dare ukun farko. Ɗan gicciyen saiti da ke tsakiya yana rawa kamar ganye, bai ko kusanci dilar ba. Sai na zo kan daren biyu ga Yuli. Gicciyen yana kan wani kurmi, sama da dilar da fiye da tsayin mutum. Na ji muryar Baba, ɗaya, biyu. A ta uku dilar ta faɗi. Na mayar baya sau goma. Ƙarar biyu ce, Letta, babba da ƙarama, sun hau kan juna. Haka sauran biyar ɗin. Kina zaune a gefen kunnensa da ya mutu, idonsa yana cikin madubi ba ya ganin jar fitilarki, kina jiran ƙirgensa.

Na san ya kamata in ce kin kyauta. Ba zan iya ba tukuna. Wata biyar ina aikin dare a ɗakin ƙanƙara don in sayi abin nan. Na ɗauka sau ɗaya na yi abin da ke ba ki iya ba. Ashe ko wannan ma ke ce. Yana tsaye a gindin bishiya yana yabona da harbinki, ke kuma kina rubuto mini kina ba ni tausayi, kina ce mini in shafa mai. Kin bar ni ina yawo a jirgi ina nuna wa mutane hoton kwalin.

Ba zan karɓi bindigar Kaka a kan ƙarya ba. In na rataye ta a ɗakina, kullum ita za ta riƙa tuna mini da barewar nan. Na rubuta wa Baba gaskiyar abin da na gani, na sa a mota ɗaya da wannan. Ki yi fushi in kin ga dama.

Stoffel

Skaarswater, 16 ga Agusta

Wawan ƙanena,

Muna lafiya, ba don kai ba.

Ka rubuta wa Baba. To wa kake zaton zai karanta masa? Na gaya maka tun Yuni, amma kai ma ashe ba ka karanta abin da ke gabanka. Shekara biyu ke nan ko babban rubutun kalanda ba ya gani. Ya miƙo mini takardarka yana murmushi, ya gyara zama, ya ce in karanta a hankali. Na buɗe, idona ya sauka a kan layi na uku, na ga inda ka dosa.

Sai na karanta masa wata wasiƙar da ba ka rubuta ba. Na ce kana gaishe shi, ka ga hotuna, hannunsa yana nan kamar dā, kana alfahari da shi, kuma ka karɓi bindiga da godiya. Har na ƙara cewa kifi ya yi araha. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Takarda shafi biyu, amma ta ƙare da wuri." Ya karɓa ya ninke ya sa a aljihun ƙirji tare da batir.

Yanzu ka saurare ni. Ba don in ƙwace maka yabo na yi ba, kuma ba don in ba ka ba. Ba ka ga yadda ya koma ba a watan Yuni. Na shiga ɗakinsa da kofi na tarar ya fito da kwat ɗinsa ta jana'izar Mama yana shafa ta. Ina da harsashi, ina da ido, na san ƙirgensa tun ina yarinya. Me kake so in yi?

Kana zaton daɗi nake ji? Kowace dila da na kayar, sunanka take ƙara wa girma. Ina kwance a kan ƙarfen mota, yatsuna sun ƙage, ina riƙe numfashi don in dace da ta ukunsa, in ta faɗi ya ce Allah ya yi wa Stoffel albarka. Akwai daren da na ce a raina bari in ƙyale ta ta wuce, ya ji yadda idon ɗansa yake in babu ni. Har na sauke bindiga. Da na ji ya ce biyu, hannuna da kansa ya koma.

Bindigar nan ita kaɗai na taɓa so a gidan nan, ka sani. Ban nemi gona ba, ban nemi a gode mini ba. Amma na karɓo takardar a Aranos, na cike da sunanka, saura sa hannunka. Ka zo Kirsimeti ka karɓa, ka yi godiya, ka rufe bakinka. In ka sake rubuta masa irin waccan, murhu zan sa ta, kuma kada ka sake kirana Ousus.

Letta

Skaarswater, 23 ga Agusta

Christoffel, ɗana,

Ni ne ubanka. Sarie ce ke rubutawa, ni nake faɗa, kuma na ce kada ta gyara mini magana. Ina lafiya. Gwiwa tana nan, ido babu.

Na kawo wa Sarie takardarka ta karanta mini ta gaskiya, domin wadda yayarka ta karanta ta yi daɗi da yawa, kai kuwa ba ka taɓa rubuta abu mai daɗi haka ba. Ka sha wahalar banza. Na sani tun daren farko.

Ku biyun kun ɗauka makaho wawa ne. Shekara sittin ina feɗe dila. Bindigar ubana in ta bugi dila, babban yatsana yana shiga ramin. Wannan ramin ko ɗan ƙaramin yatsana bai shiga ba. Ina durƙushe a wurin ina shafawa na gane, dariyar da na yi ke nan, yayarka ta ɗauka ta murna ce. A bayan kafaɗa, Christoffel, duka shidan, wuri ɗaya, da jar fitila, a kan ƙirgen wani. Ni a ƙuruciyata ban taɓa yin haka ba.

To me ya sa na yi shiru, na je coci ina cika baki? Sarie ta tambaye ni, ta ajiye alƙalami sai da na amsa. Kishi ne. Ya fi mini sauƙi a ce na'ura ta taimake ni da a ce 'yata ta wuce ni. Tun tana shekara goma sha biyar na san ta fi ni hannu, ban taɓa faɗa mata ba, kullum sai in samo abin gyara. Da na ce bindiga taka ce, so nake ta buga tebur ta ce ƙarya ne, ni na harbe su, ni na riƙe garken nan. Da ta faɗa da na huta. Sai ta ce to, ta tafi ta fasa mini kofi. Shi ya sa na sa Gawie ya ciro katin na aika maka, na san kai bakinka ba ya riƙe magana.

Kai kuma kada ka ce kyautarka ta tashi a banza. Ban iya ganin gicciyen ciki, hannuna kuma ya gama aiki. Amma ina ganin tumakina. Ba wanda ya taɓa ba ni abu kamar wannan. Maganar barewa da ka sa a ƙarshen takardarka, ban san kana riƙe da ita ba. Na yi kuskure a ranar, ka yafe wa tsoho.

Na yaga takardar da ta cike. Gawie zai kai mu Aranos ranar Laraba a karɓo sabuwa, a sa sunan yayarka, Aletta. Madubin kuwa na ce a kwance shi, nawa ne, ba na ba kowa.

Ubanka,
Gideon Beukes

Skaarswater, 6 ga Satumba

Boetie,

Muna lafiya. Na sami 'yar takardarka mai layi huɗu, na karɓi ban haƙurin, rabin dai. Sauran rabin sai ka zo da kanka.

Tannie Sarie ta karanta mini abin da Baba ya aiko maka kafin ta rufe ambulan, shi yana zaune a mota ya ƙi shigowa. A hanyar dawowa zancen farashin gishirin lasa kawai ya yi. Har yau bai faɗa mini da bakinsa ba, kuma na san ba zai faɗa ba.

Na mayar wa bindigar Kaka tsohon madubinta, na saita da takarda kamar mutane. Yanzu in mun fita shi ke riƙe naka a hannu, yana juyawa yana ba ni umarni: ga ta can dama da tankin ruwa, jira, wannan ba dila ba ce, bar ta. Ni kuma in kunna jar fitila in harba. Yana kwana da abin a ƙarƙashin matashi wai don batir, yana goge shi da ɗan ƙyallen sau uku a rana. Har yanzu Idon Stoffel yake ce masa. Ni ko sau ɗaya ba a raɗa wa wani abu sunana ba, ka ga kishin bai ƙare ba.

Ranar da muka dawo daga Aranos da takarda, na zauna a ƙarshen baranda bayan magariba da bindigar a cinyata ina shafa mata mai. Yana can ɗaya ƙarshen yana duba tumakinsa. Sai na ga ya juyo da madubin wajena, yana murza shi a hankali har ya tsaya. Ya daɗe. Ya ce rabon da ya ga fuskata tun kafin idonsa ya tafi, wai na yi kama da Mama ta wajen goshi. Can ya ce, "Letta, mene ne waɗannan layuka biyu baƙaƙe a kumatunki?"

Na goge da bayan hannu, na ce mura ce.

Ya ce, "Idon Stoffel ba ya ƙarya."

Ka aiko da batir biyu kafin Kirsimeti, waɗannan sun fara gajiya. In ka zo kuma akwai bokiti yana jiranka, an ba Fasto kujerarsa.

Ousus ɗinka,
Letta